Lambar Kafaɗa

Somoe na riƙe da hannun Momade a ɗakin jinya lokacin da masu kaki uku suka shigo, ko sallama babu.

Somoe ta ce mijinta ne, ɗan nan garin, su tambaye shi da yaren Makonde su ji.

Ƙarya ce, ba a ɗaura auren ba tukuna. Shekara biyu yana tsallako kogin Ruvuma daga Mozambik zuwa Tanzaniya sayen kashu, a nan ya gan ta. Da yaƙi ya ci ƙauyensu, a kwalekwale aka kawo shi da harsashi a cinya. Mahaifiyarta ta rantse ba za ta haɗa jini da ɗan gudun hijira ba, ga Chande mai babur, ɗan kawun Somoe, yana jira.

Babbansu bai nemi takarda ba. Cewa ya yi a cire masa riga.

Kowa ya san abin da ake dubawa. A Tanzaniya ana yi wa jariri lambar rigakafi a kafaɗar dama, a tsallake kuwa a hagu. Shi ya sa tun zuwansa Somoe ta ɗiga masa man ɓawon kashu a dama, ya ƙona fatar, tabo ya fito ras. Saura ta ƙone tsohuwar ta hagu. Amma da ta ga yadda ya ciji zaninta yana rawar jiki, sai zuciyarta ta karye, ta ce a bari sai gobe. Goben nan fa ba ta zo ba.

Mutumin ya duba dama, ya gyaɗa kai, har ya juya.

Daga bakin ƙofa Chande ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, mutum ai kafaɗa biyu gare shi."

Allah wadaran wannan baki!

Suka duba hagu, ga tsohuwar lamba. Da ledar ƙarin ruwa a hannunsa suka jefa Momade bayan mota kamar buhu. Somoe ta ɗafe motar, ta ƙi saki har gadar Ruvuma.

"Masoyina, ka yafe mini... tausayinka na ji."

"Na sani," ya ce. "Ni ma da ban iya ƙona ki ba."

A tsakiyar gada suka sauke shi, suka nuna masa gaba. Ba ya iya tsayuwa, da gwiwar hannu ya fara jan jiki, ƙyallen cinyarsa ya rine da jini. Ta ce to ita ma ta tafi, duk abin da zai ci shi ya haɗa da ita.

Babban ya ja wuyan rigarta, ya leƙa kafaɗar dama, ya ga lamba, ya sa aka riƙe ta. Har da tausasa murya.

"Haba 'yata, can fa yanka mutane ake yi. Mu ba ma wasa da ran 'yan ƙasarmu."