Ranar da Lambar Jininsa Ta Sauka

Ruwa ake tafkawa a unguwar Adjamé Liberté ta Abijan, Rumaisa kuwa tana tsaye a tsakar gida da kwanon kunu a hannu, an hana ta shiga ɗakin mijinta. Gwaggo Delu, ƙanwar mahaifin mijin, ita ta tare ƙofar. Ba ta yi dogon zance ba. Ta fizge kwanon ta juye shi a kwata, ta ce daga yau babu abin da zai fito daga hannun Rumaisa ya shiga cikin Abduljalil. Matan gidan hayar suna leƙe ta tagogi. Daga ciki Rumaisa tana jin yana kakarin amai, tana jin yana neman mai tallabe masa kai, ita kuwa ba ta da ikon taka bakin ƙofar... Wayyo Allah! Ta durƙusa a cikin ruwan nan ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Marainiya ce. A Treichville aka haife ta, mahaifinta ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, ya rasu tana ƙarama, mahaifiyarta ta bi shi ba da daɗewa ba. A hannun maƙwabta ta tashi, Faransanci ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa tana tafiya tana tuntuɓe. Abduljalil, Bakatsine mai shigo da shadda yana sayarwa a Adjamé, bai taɓa yi mata dariya a kan haka ba. Danginsa ne suke yi. 'Yar Abijan suke kiranta, kamar ba ta da suna.

Bara waccan aka gano ciwon daji a babban hanjinsa, aka yi masa aiki aka yanke wurin. Tun daga nan ake ɗibar jininsa lokaci-lokaci, ana auna wani abu da irin wannan ciwo kan zuba a jini. Likitoci suna kiransa ACE, su kuwa a gida lamba kawai suke cewa. In ta kwanta ƙasa, hankali ya kwanta. Ta daɗe a kwance, sai bana ta tashi. Aka yi hoto, aka ga ciwon ya dawo, ya sauka a hanta, wuri guda. Aka fara yi masa ƙarin ruwan magani mai ƙarfi, wanda ake kira shimiyo. Maganin ya kayar da shi. Ya rame, abinci ya ƙi zama, ko ƙofar firji ya taɓa sai yatsunsa su ɗauki zogi kamar an soka masa allura. Rumaisa ce mai ɗumama masa ruwan alwala, ita ce mai wanki, ita ce mai riƙe shi a cikin gbaka, ƙaramar motar haya, har su tsallake gada zuwa asibiti a Treichville.

Sai ga gwajin farko bayan fara magani ya fito: lambar, maimakon ta sauka, ta ƙara hawa.

Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta zaunar da Rumaisa ta yi mata bayani da Faransanci. Ta ce wani lokaci idan magani ya fara farfasa ciwon, abin da ke cikinsa yakan zube a jini, sai lambar ta yi tsalle kafin ta faɗo. Ta ce ba ta yi alkawari ba, yana iya zama ciwon ne ke ci gaba, amma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, kada a kuskura a tsayar da magani kafin a sake aunawa a kuma sake hoto.

Wannan bayani Rumaisa ta kawo gida, ta faɗa wa Lawali, yayan mijinta. Tana faɗa kalmomi suna ɓace mata, tana cikewa da Faransanci. Lawali ya bari ta gama, ya yi dariya.

"To kun ji. Lamba ta hau, wai alheri ne. Gobe in ya mutu, za ta ce mana barci yake."

Daga nan masifa ta buɗe. Lawali ya bi masallaci da rumfunan kasuwa yana cewa matar ƙaninsa ta haɗa baki da asibiti ana ɗura masa guba, gado take jira. Ya karɓe makullan shago, wai zai kula da shi. Matan da ke ce mata yako, wato sannu, in sun haɗu a famfo suka koma kau da kai. A kicin take kwana a kan tabarma, tana kai goshinta ƙasa tana cewa, "Ya Allah, Ka san ban cuce shi ba... Ka san ban cuce shi ba." Sannan Lawali ya kawo maganar da ta fi kowace nauyi. A cikin 'yan kasuwar da suka zo daga gida akwai abin da aka saba: in ciwo ya ci ƙarfin mutum, a ɗauke shi a mayar da shi garinsu tun da sauran numfashi, kada a binne shi a ƙasar wasu. Babu mai jayayya da wannan. Tafiya ce ta kwanaki a mota, ta Gana da Togo da Binin. Tafiyar kuwa tana nufin an bar magani ke nan.

Abduljalil bai ce a'a ba. Lawali ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi kuwa Abduljalil bai taɓa ɗaga ido ya musa masa ba, balle yanzu da ko zama ba ya iyawa sai an jingina shi.

Da safen tafiyar aka kawo mota ƙofar gida, aka shimfiɗa katifa a baya, maƙwabta suka taru yin sallama. Aka fito da shi a rirriƙe. Rumaisa ta fito daga kicin ba takalmi, ta wuce kowa, ta zauna a cikin taɓo a gaban tayar mota. Aka yi aka yi ta tashi, ta ƙi. Gwaggo Delu ta ja mayafinta har ya yage, ba ta motsa ba. Idonta yana kan Malam Zulkiflu, limamin unguwa, wanda aka kira ya yi addu'ar hanya.

"Malam, ni ban iya Hausa ba, na yarda. Kai ka iya Faransanci. Ka bari a ƙara masa ruwan nan, a sake gwaji, ka je ka ji da kunnenka. Don Allah, Malam... ba ni da kowa sai shi."

Malam ya ce bai ga laifin wannan roƙo ba. Lawali ya ga idon jama'a, ya ce ya amince, amma da sharaɗi: in lambar ta sake hawa, ƙaninsa zai sake ta a gaban kowa, ta tattara ta bar gidan. Rumaisa ta dubi mijinta, ta ga hawaye na bin kuncinsa. Ta ce ta yarda.

Makonnin da suka biyo baya, Allah kaɗai Ya san yadda ta yi su. Ranar sakamako suka tsallake gada su huɗu, ita da mijinta da Lawali da Malam. Likita ta duba na'urarta, ta ɗago, ta yi murmushi. Ta yi magana, Malam Zulkiflu yana mayarwa da Hausa. Lambar ta faɗo, ko rabin inda ta fara ba ta kai ba. Hoto ya nuna ciwon hantar ya ƙanƙance, har ana iya yin aiki a cire shi. Tsallen da ta yi a baya, maganin ne ke aikinsa. Da an tafi da shi, in ji likita, da wannan dama ta wuce.

Malam ya juya ya dubi Lawali. "Abin da yarinyar nan ta faɗa maka ke nan. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba."

Rumaisa ta zame daga kujera ta yi sujada a kan tayil ɗin ofis. Allahu Akbar! Abduljalil ya dafa tebur ya miƙe da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ɗago ta. Sannan, karo na farko a rayuwarsa, ya dubi yayansa ido cikin ido.

"Yaya, ba ni makullaina."

Allah bai tsaya nan ba. Suna fitowa bakin titi suka ci karo da Tasi'u, mai fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jiragen ruwa. Yana ganin Abduljalil ya ja da baya yana salati. Ya ce ai Lawali ya zo musu tun kwanaki ya ce ƙaninsa ya rasu a hanyar gida, har an yi masa ta'aziyya, ya nemi a juya kwantenar shaddar da ke tafe zuwa sunansa. Malam Zulkiflu yana tsaye yana ji.

Kafin Juma'a labari ya gama Adjamé da Treichville. Dattawan 'yan kasuwa suka zauna suka cire Lawali daga cikinsu. Babu mai ba shi ajiya, babu mai matsa masa a benci. Wanda ya yi wa ƙaninsa mutuwa da rai, wa zai amince masa da ƙyalle? Ya bar Abijan babu mai rakiya.

Aka yi wa Abduljalil aikin hanta, aka dace. Lambar ta koma ta kwanta. Likita ta ce za a ci gaba da aunawa shekara da shekaru, ba a sakaci da wannan ciwo, amma yanzu akwai kyakkyawan fata. Ya koma shagonsa yana auna shadda, duk wanda ya yi masa barka sai ya ce a je gida a yi wa Rumaisa.

Wata safiya tana shara, sai ga Gwaggo Delu a bakin ƙofa. Tsohuwar ta daɗe a tsaye, sannan ta durƙusa, ta kama gefen zanin Rumaisa tana kuka, tana neman gafara. Rumaisa ta ce ta yafe tuntuni. Gwaggo ba ta tashi ba. Ta sassauta murya ta ce ta jima tana ganin jini in ta zaga, kunya da tsoro sun hana ta faɗa wa kowa.

"Rumaisa... ki kai ni wurinsu. Ki yi musu magana a madadina. Abin da suka ce, ki faɗa mini, zan yarda."

Rumaisa ta jingine tsintsiya, ta share hawayenta, ta ɗago tsohuwar da hannu biyu.

"Tashi mu je, Gwaggo, tun layi bai yi tsawo ba."