Kurkurar Baki

Kwalabe uku marasa komai, littafi, ankwa, da takardar asibitin mishan. Abin da Insifekta Halidu ya ɗauko ke nan daga Madawa. Awa biyu mota na jijjiga shi, bayansa na ciwo.

Ƙauyen da aka tura shi yana gindin tsauni, inda wani kamfani ke huda dutse don kai ruwan dam zuwa gonaki. Wani makiyayi, Bawa, ya rasu. An kulle matarsa Zalika a zauren hakimi, wai ta sa masa guba.

"Ita ka dama mashi hura," in ji Maiguwa, wan mamacin. "Mi kake nema kuma?"

"Buɗe hannunka, Malam."

Tafin Maiguwa ya yi kanta, da ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Haka Marta, ma'aikaciyar asibitin, ta rubuta game da gawar, ta ƙara da cewa tana zargin gubar arsenik. Halidu ya duba hannun Zalika. Iri ɗaya. Na hakimi ma haka.

"Har kai ta dama wa?"

Maiguwa ya janye hannunsa.

Halidu ya cika kwalabensa a rijiya, ya bi ƙorama sama. Ga tulin fasasshen dutse, an zube shi daidai inda ruwan damina ke gangarowa zuwa rijiyar.

Shugaban aikin, Sadiƙ, ya tarbe shi da fara'a.

"Ranka ya daɗe, an auna ruwan nan a Yamai. Lafiya lau. Ni ma shi nike sha."

"Ina takardar?"

"Tana biro, can ofishinmu, sai an nemo."

Aka kira azahar. Suka tsuguna da butoci, duk ruwan rijiyar. Sadiƙ ya wanke hannu. Da ya zo kurkurar baki, sai ya ɗan juya baya, ya zaro ƙaramar gora daga aljihu, ya kurkure da ita. Ya mayar, ya ci gaba da buta.

Halidu ya bari aka sallame.

"Malam Sadiƙ, wane malami ya koya maka alwala da ruwa biyu?"

"Haƙorina ne ke..."

Halidu ya miƙa masa kwalba ɗaya. "Shanye."

Sadiƙ ya riƙe ta, bai buɗe ba. Leburori suka daina sa takalma.

"Wata tara da zuwan takardar," Sadiƙ ya ce a hankali. "Anka ce guba daga dutsen take. In na kwashe shi, aiki ya tsaya. Na ce bari mu huda tukun."

"Saura mita nawa?"

"Arba'in."

Halidu ya gaji har bai iya fushi ba. Ya aika a saki Zalika. Ta fito ba ta kalli kowa ba, ta tambayi inda aka rufe mijinta.

Hakimi ya biyo shi har mota. "Insifekta, rijiyar hwa? Ba mu da wata. Ga rani."

Halidu ya sa Sadiƙ a baya, ya rufe ƙofa.

"Yau za a toshe ta. Tankar kamfani za ta kawo muku ruwa, kuma ba na barin garin nan sai ta iso."