Mushe Mai Ƙafa Biyu

A bakin rijiyar Gangara Idrisa ya fara ganin Raliya, shekara guda bayan farin tamanin da huɗu. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, abin da mutanen nan ke kira mushe da Faransancinsu. Hukuma ta ba shi keke da sunayen waɗanda suka bar karatu, ta ce ya je ya lallashi iyayensu. Yadda ake lallashin mai jin yunwa ne kawai ta manta ba ta rubuta masa ba.

"Ke ce Raliya Jika, wadda ta bar kwalejin Tanut saura wata uku jarrabawa?"

"Ni ce. Matsa, ka taka mini igiyar guga."

Ya matsa, zuciyarsa kuwa ta ƙi.

Shekararta ashirin. Tun da shanun mahaifinta suka mutu ya dawo da ita gida, duniyarta ta koma daga rijiya sai turmi, daga turmi sai rijiya. Littattafanta na rufe cikin tukunya saboda gara.

Idrisa ya fara ara mata littafi da wasiƙa a ciki: "Tauraruwata, an yarda ki zauna jarrabawar bana. Ni ma ina da tambaya guda, ba ta cikin darasi."

Ta mayar masa: "Mai keke, taka tambayar mai sauƙi ce, na amsa. Babana ne jarrabawar."

Da ya je gaisuwa, mahaifinta tsoho Jika ya dube shi sama da ƙasa.

"Mushe, ko? Bara mushe arba'in na ja daga garkena zuwa bayan gari. Ban san akwai mai ƙafa biyu ba. Ba lakwal, ba aure. Ita kaɗai ta rage mini, tana nan inda idona ke ganin ta."

Raliya ta fito daga bayan zana ta durƙusa.

"Baba, shanun nan ma idonka na kansu. An ce ka bari a kai su kudu, ka ce ba ka iya rabuwa da su."

Da inuwa ta bar tabarmarsa, tsohon ya ce ta ciro littattafanta daga tukunya, ya yarda.

Ta zauna jarrabawa a Tanut, ta ci, aka ba ta gurbi a makarantar horon malamai a Damagaram. Ranar ɗaurin aure liman ya tambayi sunan ango, wani ya ce, "Mushe Idrisa."

"Malam Idrisa," in ji Jika. "Gidana ya gama da mushe. Allah ya ba su zaman lafiya. A shafa Fatiha."