Layar Raga

Da hantsi aka kira Sufeto Bakari bakin kogin Haɗeja. Masunta sun tsamo gawar Ɗahiru, shugaban magoya bayan ƙungiyar ƙwallo ta Taurarin Kogi, an naɗe ta cikin raga.

Kafin Sufeto ya iso, gari ya riga ya yanke hukunci: Alhaji Kawu ne, mai ƙungiyar. Tun da ya ce zai mayar da ita Kano, ya gina gidan mai a filin wasanta, magoya baya suke zanga-zanga a ƙofar gidansa, Ɗahiru a gaba.

Sufeto ya durƙusa ya zura hannu cikin idon ragar, ya wuce har gwiwar hannu. Ko kifin da ya gaji da duniya ba zai kamu a nan ba. Ragar gola ce. A wata kusurwa ya ga igiyar fata tana reto, kwance ta aka yi, ba yankewa ba.

Alhaji Kawu ya karɓe shi a zaure.

"Rabona da Ɗahiru tun ranar bore," in ji Alhaji.

"Maigadinka ya ce jiya ya sha fura a nan."

Alhaji ya yi tari. "To, ya zo. Ya gaji ne. Na ce ya bi mu Kano ya zama sakatare, ya yarda."

"Ina ragar golarku?"

"Tambayi Inuwa, shi ya saƙa, shi ya kwance ya ɓoye don kada in tafi da ita. Har laya ya ɗaura mata a kusurwa wai kada a ci mu. Ci kuwa mun sha shi."

Inuwa tsohon masunci ne ɗan Auyo, bai taɓa fashin wasa ba. Sufeto ya same shi zaune kan kwalekwale.

"Baba, ina raga?"

"An sace, ranka ya daɗe. Mutanen Alhaji ne."

"Ɓarawo ne zai tsaya kwance laya a tsanake kafin ya jefa gawa a ruwa? Me ke wuyanka?"

Inuwa ya dafe ƙirji.

"Sunan Allah ne a ciki, ba zan bar shi ya nutse ba," in ji shi. "Jiya da la'asar Ɗahiru ya zo karɓar raga, wai a sa a mota. Ya ce mini, 'Baba, an gama, mu haƙura.' Yaron da na ɗauka a kafaɗa ya kalli wasansa na farko! Filafilin tuƙi na hannuna. Sau ɗaya na buga masa, wallahi."

Sufeto bai ji daɗin wannan nasara ba ko kaɗan. Ya sa masa ankwa a hankali.

A hanyarsu ta zuwa caji ofis suka wuce filin. Babu ko mai zanga-zanga ɗaya. Leburori na loda turakun gola a babbar mota, 'yan wasa na zaune a kan kaya.

Inuwa ya tsaya, ya sunkuyar da kai don a cire layar.

"Ranka ya daɗe, miƙa musu. Golan nan namu hannunsa rawa yake yi, a Kano cinye shi za su yi."

Sufeto ya ɗaga hannu, amma motar ta riga ta tashi.