Sunan da Ya Ƙi Gogewa

A unguwar Runjin Sambo akwai wata yarinya 'yar aji biyu a sakandare. Tana da kaifin kai, tana kuma da taurin kai, kuma taurin ya ɗan fi yawa. Babanta gyaran kwamfuta yake yi a Sama Road. Tun tana ƙarama take leƙa aikinsa, har ta ɗauka babu abin da ya rage mata.

Tana zaune tare da Fiddausi, ɗiyar ƙanwar mamanta. Inna Mariyatu, mahaifiyar Fiddausi, ta rasu bara, shi ya sa Fiddausi ta dawo gidansu.

Baba ya ba su wata tsohuwar kwamfuta su biyu. Kowacce da akawun ɗinta, wato wurin shigarta mai sunanta. Abin da ke ci wa yarinyar rai shi ne, Fiddausi kan zauna da abin sauraro a kunne, ta daɗe ba ta tashi ba. Ga shi kwamfutar ta cika, sai jan ƙafa take yi.

Wata Asabar Fiddausi ta tafi Islamiyya. Yarinyar ta ɗauko filashin Baba, ɗan abin da yake adana manhajoji a ciki, ta sake ɗora wa kwamfutar babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Da aka gama, suna ɗaya kaɗai ya rage a fuskar kwamfutar, nata.

Fiddausi ta dawo ta buɗe. Ta duba, ta sake dubawa.

"Ina akawun ɗina?" ta tambaya.

"Na share. Tarkacenki na ya cika ta."

Fiddausi ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta juya fuska bango.

Da Baba ya dawo ya ji labari, ya kira yarinyar. "Mi kinka yi? Wa kinka tambaya?"

"Baba, gyara na yi. Ai ta hi sauri yanzu."

"Je ki ba 'yar'uwarki haƙuri."

"Ni ban yi laihi ba," ta ce, tana turo baki.

Baba ya dube ta ya ce, "To, ƙahwarki kada ta sake taka shagona sai kin san abin da kinka yi."

Wannan ya yi mata zafi, amma ta dake. Kwana bakwai Fiddausi ba ta ci abinci kwano ɗaya da ita ba. Yarinyar ta riƙa ɗaga kai kamar ba ta damu ba. A gaskiya tuwon ma ya daina yi mata daɗi.

Ita ma kwamfutar ba ta mara mata baya ba. Saurin da ta yi alfahari da shi na kwana biyu ne. Sai ga saƙo ya fito cewa wuri ya kusa cikewa.

"Cikewa da mi? Ni da na share komi?" in ji ta.

Ta ƙi tambayar kowa. Bayan la'asar ta zauna tana bin folda ɗaya bayan ɗaya, tana duba nauyin kowace. Can ƙasa ta ga wata ƙatuwa mai ɗauke da kayan tsohuwar manhaja. Ta buɗe. Ga sunan Fiddausi nan zaune daram.

Ranta ya ɓaci. "Ke ko a kwamfuta ba ki barin mutum ya huta? Yau sai kin hita."

Ta kai yatsa kan maɓallin gogewa. Sai son sani ya kama ta. Me Fiddausi take saurara haka kullum? Ta taɓa fayil na farko.

Wata murya ta fito, a hankali, da ɗan tari.

"Fiddausi ɗiyata, kin ci abinci? Ki yi karatu. Ki gaida yayarki, ki ce ina nan tahe da ƙuli-ƙulinta."

Inna Mariyatu ce. Saƙonnin da take aikowa daga asibiti ne. Wayar da suke ciki ta daɗe da lalacewa, nan kaɗai suka rage a duniya.

Yarinyar ta janye hannunta kamar ta taɓa garwashi. Kunya ta rufe ta, hawaye suka zubo. Ta rungumi kwamfutar ta fito tsakar gida, inda Baba yake shan iska.

"Baba, na yi laihi. Don Allah ka taimake ni kada su ɓace."

Baba ya duba ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce, "Allah ya rufa miki asiri. Ba ki wanke rumbun ajiyar kwamfutar ba, sabuwar manhaja kinka ɗora bisa tsohuwa. Shi ya sa ta tattara tsofaffin kayan ta ajiye gefe. Kuma ba ta riƙe su har abada. Da kin ƙara 'yan kwanaki, wataƙila da babu."

Ya miƙa mata sabon filashi. Da hannunta ta kwafe komai, ta sake buɗe wa Fiddausi akawun, ta mayar mata da kayanta.

Sannan ta shiga ɗaki ta durƙusa. "Fiddausi, ki yahe mini. Ban tambaye ki ba, ban kuma san mi na taɓa ba."

Ta kunna muryar. Fiddausi ta tashi zaune, tana kuka tana dariya. Ta cire abin sauraro ɗaya ta sa wa 'yar'uwarta a kunne.

"Saurari wanga," ta ce. "Nan ma ta ambace ki."

Ranar kwano ɗaya suka ci tuwo. Washegari Baba ya ce wa yarinyar ta ɗauko jakarta su tafi shago.

Tun daga nan yarinyar ta koyi darasi: kada ka goge abin wani ba da izininsa ba, domin ba ka san darajarsa a wurinsa ba. In kuma ka yi kuskure, ka amsa da wuri tun ana iya gyarawa.