Kututture Mai Ciwo

Ranar bikin Trifon, da manoma ke fara yi wa inabi aski, Dakta Rositsa, mai binciken cututtukan tsirrai, ta faɗo ofishin Sufeto Velichko tana haki.

"Yallaɓai, an sare min kututturen inabi an tafi da shi!"

"Baiwar Allah, yau ai kowa a garin nan sara yake."

Ta yi masa bayani. Fumfunar da ke kashe inabin garin tana cikin kututturen, amma ita ma wani bairos ya kama ta, ya karya mata lago. Da wannan bairos take fatan ceto gonakin. Da azahar kuwa ake cinna wa duk ruɓaɓɓen itace wuta a dandali, kamar kowace shekara.

Sufeto bai sake wasa ba, don rabin gonar mahaifinsa ma ya bushe.

A gonar gwajin Dakta ya tsuguna gaban gindin itacen. An yanke shi sumul, an shafe wurin da shuɗin magani.

"Ɓarawo ba ya yi wa itace jinya," in ji shi. "Wannan aikin manomi ne."

Baba Kolyo ne maƙwabcin gonar, tsoho mai taurin kan tsiya.

"Baba, ka fita yau?"

"Da wace ƙafar? Tun jiya sanyin ƙashi ya kwantar da ni."

"Allah ya sawwaƙe. Zartonka shi kaɗai ya fita ke nan? Ga ɗanyen garin itace a haƙoransa, ga shuɗi a farcenka."

Tsoho ya fashe da faɗa.

"To, ni ne! Itace mai ciwo a jikin shingena, in zuba masa ido? Kakana ƙone irinsa yake yi. Wai cuta ma tana rashin lafiya! Wa ya taɓa ji?"

"Yana ina?"

"Cikin tarin dandali."

Sun iso an riga an kunna gefe guda. Sufeto ya kutsa cikin hayaƙin, ya jawo kututturen, wuta ba ta kai gare shi ba. Dakta ta rungume ruɓaɓɓen itacen tana hawayen murna.

Za a sa Baba Kolyo a mota sai ya waiwayo, murya ƙasa-ƙasa.

"'Yata, in abin ya yi, layin gonata na ƙasa ya fi jin jiki."

"Da shi zan fara, Baba."