Ligase a Firjin Ikrima

Motar da ta ɗauko Bahijja daga Zariya ta mace a Rogo Sabon Gari, rana tsaka. Ƙanƙarar da ke cikin kularta ta fara narkewa. Ta faɗa wani kemis tana haki.

"Don Allah firjinka na aiki?"

Ikrima, mai shagon, ya ɗago, ya kasa ɗauke ido. "Na sola ne. Allura ce?"

"Ligase ne, sinadarin da ke liƙa zaren gadon halitta, wato DNA. In ya ji zafi, bincikena na jami'a kan cutar gyaɗa ya rushe."

Ya kwashe lemuka, ya sa 'yar kwalbar sinadarin a firjin. Kafin a gyara mota ya karɓi lambarta.

Daga nan babur ɗinsa ya san hanyar Karaye, garinsu Bahijja. Iyayenta suka yi na'am.

Sai Sunusi, wanda ta taɓa ƙin aurensa, ya kai wa mahaifin Ikrima, Malam Mijinyawa, gulma: yarinyar nan halittar Allah take yankawa tana haɗawa a kwalba. Malam ya ce a bar maganar auren.

Saƙon Ikrima ya shigo mata: "Sanyin idona, Baba ya hana. Ba zan saɓa masa ba, kuma ba zan iya rabuwa da ke ba."

Ta sha kuka, sannan ta rubuta: "Nawa, roƙe shi ya saurare ni."

Da ƙyar Malam ya yarda. Ta je da yayarta Adama, ta durƙusa a zaure.

"Allah gafarta Malam, ban ƙirƙiri komai ba. Allah ne ya sa ligase a jikin kowa. Zaren gado in ya tsinke, shi ke ɗinke shi. Aronsa muke yi mu gane abin da ke kashe gyaɗa."

"Har a jikina?"

"Yanzu haka yana aiki."

Malam ya daɗe yana duban tafin hannunsa.

"Subhanallah," in ji Malam. "Bara rabin gonata cutar ta cinye." Ya dubi ɗansa. "Kira min baffanka. Karaye za su je neman aure."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Malam da kansa ya yi addu'a: "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba."

Amin ɗin Ikrima ya fi na kowa ƙarfi.